Ƙaryar da Na Sa a Bakin Baba Sule

Sunana ba zai amfane ku da komai ba, don haka na bar shi. Abin da nake so ku sani, ku samari masu koyon sana'a, shi ne ni ba a gidan ɓarayi aka haife ni ba. A Tudun Ƙofa na tashi, cikin garin Keffi, a shekarun da ƙasar nan ta samu 'yancin kai. Mahaifina tela ne, ya rasu ina firamare. Da aka share makoki sai amininsa, Baba Sule mai wayarin mota, ya roƙi mahaifiyata ta ba shi ni, ta kuwa ba shi. Daga ranar a gidansa nake kwana, matarsa Goggo Hajara tana zuba mini tuwo a kwano ɗaya da 'ya'yanta. Da safe ni da shi mu kama hanyar Sabon Gari, inda garejinsa yake.

Na fara koyon aiki daidai lokacin da kuɗin mai ya buɗe. Malamin makaranta ya sayi mota, akawu ya saya, ga manyan motoci suna wucewa da kayan ginin Abuja. Masu wayarin sun yi yawa a Sabon Gari, amma layin Baba daban yake. Ba wai ya fi kowa iya aiki ba ne, akwai waɗanda suka fi shi sauri. Abin da yake da shi suna ne. Mutum zai zo a tsorace yana zaton babban aiki ne, Baba ya duba ya ga fis ne kawai ya ƙone, ya canja, ya ce, "Tafi abinka, Allah ya tsare hanya." Mu yaransa mu yi ta cizon yatsa. Direbobin Nasarawa har cewa suke yi, in Baba Sule ya faɗi ciwon motarka, rufe ido ka biya.

Ni kuwa tun ina yaro idona ke kan abin hannun mutane. Da ƙaramin abu na fara. In aka aike ni sayen waya sai in ƙara wani abu a kan farashi. In an bar mota ta kwana, in zuƙi ɗan fetur in sayar. Kowane lokaci ina da hujjata: ai ba yawa, ai mai motar ba zai ji a jikinsa ba, ai ni ma ina wahala. Ba a taɓa kama ni ba, wannan kuwa shi ne babban rashin sa'ata. Sa'o'ina suka sami 'yanci suka buɗe nasu wuraren, ni Baba ya riƙe ni a matsayin babban yaronsa, shi ya yi mini aure ma.

Da kuɗi ya ja baya, sabuwar mota ta gagari mutane, sai aka shiga shigo da na hannu daga Turai, waɗanda muke kira Beljiyam. Wasu daga cikinsu suka zo da abin da ba mu saba gani ba: wani ɗan akwatin ƙarfe a ɓoye ta wajen ƙafar mai zaman gaba, shi ke auna wa injin mai da wuta. Makanikai suna ce masa birenbos, Baba kuwa ƙwaƙwalwa yake kiransa. Kowa tsoronsa yake ji. Baba, da furfurarsa, ya tattara ya tafi Jos wajen wani da ya yi aiki da Turawa, ya zauna ya koya kamar sabon yaro. Ya dawo da lambobin a ka, ya haddace su tsaf.

Ga yadda aikin yake. In wani abu ya samu injin, ƙwaƙwalwa takan kunna wata 'yar fitila ruwan ɗorawa a gaban direba, ta kuma adana ciwon a ma'ajiyarta. In kana so ta faɗa maka, sai ka lanƙwasa guntuwar waya ka haɗa ramuka biyu na wani soket, ka murɗa makulli ba tare da ka tayar da injin ba. Fitilar za ta shiga ƙiftawa. Ta ƙifta, ta ɗan tsaya, ta sake ƙiftawa. Ƙidayar farko da ta biyu su ne lambar ciwon. Ɗaya da biyar, alal misali, na nufin wayar abin da ke auna zafin ruwan injin ta saki, aikin da bai fi a ɗaure ba. Biyar da ɗaya kuwa ita ce mugunyar lamba, tana nufin ma'ajiyar ƙwaƙwalwar ce kanta ta lalace.

A wannan lokacin ne cutar yanar ido ta fara rufe wa Baba gani. Hannunsa da kunnensa suna nan garau, yana gane waya da laluba, yana gane ciwon injin da sauti. Amma ƙiftawar 'yar fitilar nan ta gagare shi, sai ya ga haske kawai a cakuɗe. Ba wanda ya sani sai Goggo. Wata rana bayan la'asar ya ja ni bayan gareji ya ce, "Ɗana, idona ya tafi. In mutane suka ji, kowa zai ɗauke motarsa. Kai za ka riƙa ƙirga mini, ni in faɗi ciwon. Asirina yana hannunka." Na ce, "Baba, har ka faɗa? Ai idona naka ne." Wallahi a ranar da gaske nake, har da ƙwalla.

Haka muka yi ta yi. Ni in zauna a kujerar direba, shi ya tsaya a bakin ƙofa yana dafe da rufin mota kamar yana kallo. In faɗi lamba a hankali, shi ya juya ya yi wa mai mota bayani. Ba wanda ya lura.

Akwai wani Tanko mai shagon kayan gyara a layinmu, wanda muke shan shayi tare. Shi ya fara yi mini huɗuba. Ya ce, "Kai fa wawa ne. Kana zaune a kan rijiya kana kukan ƙishi. Ina da birenbos ɗaya na motar da ta yi hatsari. In ka ce wa Oga na kwastoma ya mutu, wa zai ce ba haka ba? Shi ba ya gani, mai mota bai san komai ba." Na tsorata, na ce wa ya gaya masa Baba ba ya gani. Ya yi dariya ya ce ni na faɗa masa da bakina, ran nan da hira ta yi daɗi. Ashe tun kafin in saci komai na riga na zubar da amanar farko. Na zage shi na tashi, amma maganar ta bi ni gida. Abokaina da suka tafi Abuja suna dawowa da babura da shadda, ni ina nan da rigar da baƙin mai ya cinye.

Ba a daɗe ba wani mai fataucin doya ya kawo motarsa, tana shan mai tana baƙin hayaƙi. Na haɗa waya, na murɗa makulli. Fitila ta ƙifta ɗaya, ta tsaya, ta ƙifta biyar. Baba ya sunkuyo ya ce, "Nawa?" Na ji bakina ya ce, "Biyar da ɗaya." Na gaya wa zuciyata in an gane sai in ce kuskure na yi.

Baba ba ya yanke wa ƙwaƙwalwa hukunci da gaggawa. Ya sa aka gwada ƙarfin batir. Ya zare babban soket ɗinta ya laluba ko ruwa ya shiga ko tsatsa ta kama. Ya ƙara ɗaure wayar da ta haɗa ta da jikin mota. Sannan ya cire kan batir na ɗan lokaci don ta manta abin da ta adana, ya mayar, ya ce in zaga da motar in dawo mu sake tambayarta. Ƙa'idarsa ke nan: in lambar ta dawo bayan duk wannan, to ma'ajiyar ce ta mutu, ba ta da magani sai canji. Aiki ne mai kyau, ba shi da aibi ko ɗaya, illa dai kowane mataki a bakina yake ƙarewa. Ya ce, "Ta dawo?" Na ce ta dawo.

Sai ya juya ga mai doya. "Alhaji, na so a ce ba ita ba ce. Ƙwaƙwalwa ce. Ka sayo wata, ni kuma na yafe kuɗin aikina, wannan kaɗai ya ishe ka." Mutumin ya tafi shagon Tanko ya saya. Da na zo ɗaurawa sai na faki ido na matse 'yar wayar nan da ta saki, mota ta tashi lafiya lau. Baba ya miƙa masa tsohuwar kamar yadda ya saba miƙa wa kowa abin da aka cire masa, shi kuwa ya ce me zai yi da gawa, a jefar. Na tsince ta a bola na kai wa Tanko, ya wanke ta da fetur ta yi fes, tana jiran na gaba. A daren ban iya cin tuwon gidan ba. A na biyu na ci, har na nemi ƙari.

Daga nan abin ya zama sana'a. Ƙwaƙwalwar wannan ta koma motar wancan, ta wancan ta koma ta wani, duk lafiyayyu, suna ta zagaya gari. Motoci suna warkewa, tunda ainihin ciwon ina gyara shi a ɓoye, sunan Baba sai ƙara tashi yake. Na sayi babur, na ce adashi na ɗauka. Sau ɗaya kawai Baba ya nuna damuwa, shi ma ba ni ya zarga ba. Ya ce, "Anya Turawan nan ba masu taɓin hankali suke turo mana ba? Kowace mota ƙwaƙwalwa!" Na ce ai zafin ƙasarmu ne ba su saba da shi ba. Ya yi dariya ya ce da gaskiyata. Kowane lokaci kuma sai ya yafe kuɗin aikinsa don tausayi, ya koma gida da aljihu ba nauyi, ni ina bayansa da nawa cike.

Cikin waɗanda muka yanka akwai Malam Yakubu, ma'aikacin lafiya, mutum mai tsantseni. A zamanin ana yawan satar madubi da fitilun mota, don haka mutane sukan kai wa masu zane a sassaƙa musu lambar mota a jikin gilashi da sauran kaya. Malam Yakubu har ƙwaƙwalwar motarsa ya sa an kwance an zana wa lamba a ƙasa, inda ba a gani sai an kifa ta. Ni ban taɓa kifa ta ba, Tanko ma samanta yake wankewa. Bayan wani lokaci ƙanensa ya sayi irin motar, ta fara ba shi matsala, Malam Yakubu da kansa ya ce masa, "Je wurin Baba Sule, shi ba ya cuta." Na ƙirga masa biyar da ɗaya, Tanko ya sayar masa da wata. Da ya koma gida, wansa ya ce kaya mai tsada haka ba a barinsa ba shaida, su je a zana masa lamba. Mai zane ya kifa ta ya ce ai akwai lamba a jiki. Malam Yakubu ya leƙa ya ga lambar motarsa. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

Ina cin abinci a bakin tasha wani ɗan acaɓa ya tsaya ya ce, "Kana nan? 'Yan sanda suna garejinku, sun riƙe Oga." Da ni ɗan halak ne, da gareji na nufa. Sai na hau babur na miƙi hanyar Nasarawa.

Abin da ya faru a bayana, daga baya na ji shi. Baba ya rantse da Allah bai taɓa faɗin ciwon da mota ba ta da shi ba. Sai aka mayar da ƙwaƙwalwar da ya ce ta mutu cikin motar Malam Yakubu, a gaban jama'a, murɗa ɗaya ta tashi. Aka haɗa waya aka ce to ya ƙirga da kansa kowa ya ji. Ya sunkuya ya daɗe, har hancinsa ya kusa taɓa gilashin, sannan ya ɗago ya ce, "Ba na gani." Wasu suka ce ashe makaho ke taɓa musu mota. Wasu suka ce ƙarya ce, makantar dole ce don ya tsira. Aka tasa shi a ƙafa ta tsakiyar Sabon Gari, dattijon da ko tsawa ba a taɓa yi masa ba, yara suna bin sa. A ofishin 'yan sanda ma sai cewa yake a bar yaronsa, wataƙila kuskuren ƙidaya ne. Yana kwana a kan siminti yana kare ni, ni ina Nasarawa ina ɓuya a ɗakin wani direba.

Tanko ne ya tona komai da aka matsa shi. Aka kamo ni, aka kai mu kotu, aka ɗaure mu. Alƙali ya wanke Baba sarai. Sai dai wankewar a cikin ɗaki aka karanta ta gaban mutane ƙalilan, kamun kuwa duk gari ya gani. Ba wanda ya sake kawo masa ko keke. Yaransa suka watse, mai fili ya karɓi wurinsa.

Ba zan cika ku da labarin gidan yari ba. Akwai yunwa, akwai ƙwarƙwata, akwai ƙazuwa, matata ma ta nemi saki na ba ta. Duk wannan jiki ne, ya wuce. Abin da ya hana ni barci shi ne muryar Baba yana cewa, "Alhaji, na so a ce ba ita ba ce." Sau ɗaya wani gandiroba ya miƙo mini ƙullin gari da sabulu, ya ce wani tsoho makaho ne ya kawo, bai bar saƙo ba. Na zauna na yi kuka kamar mace ta rasa ɗa, 'yan ɗakinmu suna yi mini dariya.

Ranar da aka sake ni na daɗe ina zagaya Tudun Ƙofa kafin in iya tsayawa a ƙofar gidan. Goggo Hajara ce ta fara ganina. Na durƙusa na gaishe ta, ta dube ni ta ce, "Da hannuna na ba ka tuwo," ta shige ciki. Baba yana zaure a kan tabarma, ya rame, idon ya rufe gaba ɗaya. Tun kafin in yi magana ya ce, "Kai ne? Shigo, takunka bai canja ba." Na faɗi a gabansa ina roƙon gafara. Ya ce, "Nawa na yafe tun kana ciki. Na mutane ne ba ni da iko a kai. Kai ka ƙirga, amma ni na faɗa, kuma don ni suka yarda." Sannan ya laluba ya kama hannuna. "Abu ɗaya nake so. Ka kai ni gidajensu ɗaya bayan ɗaya, in nemi gafararsu da bakina, kai kuma ka faɗa musu yadda aka yi. Ba na so in mutu ana ce mini ɓarawo. Su wane ne da wane?"

Na buɗe baki, na ambaci 'yan ƙalilan, na tsaya. Sauran sun ɓace mini. Motocinsu nake tunawa, ba fuskokinsu ba. Ya ce, "Har sun kai yawan da za ka manta?" Sai na ga hawaye yana bin gemunsa.

Muka fara. Ina riƙe da sandarsa a gaba, yana biye, unguwa unguwa. Wasu sun rasu, wasu an yi musu canjin wurin aiki. Mai doya ya aiko a ce ba ya nan, alhali muna jin muryarsa a tsakar gida. Malam Yakubu ya karɓe mu da mutunci, ya saurare ni har ƙarshe, ya kama hannun Baba ya ce, "Baba, ni ne da neman gafara. Na yafe, ka yafe mini. Amma lokacin raina a ɓace yake, na gaya wa mutane da yawa, su ma sun gaya wa wasu. Ban san inda zan bi su ba." Na ja sandar Baba muka koma gida. Bai ƙara wata damina ba ya kwanta, kwanciyar da bai tashi ba ke nan.

Bayan an kai shi, na biyo ta Sabon Gari na zauna wurin mai shayi. Wani matashin direba ya tambaya wa aka yi wa jana'iza a cikin gari. Na kusa da shi ya ce, "Baba Sule mai wayarin. Wanda aka taɓa kamawa da satar birenbos ɗin nan." Na miƙe na ce ƙarya ne, ni ne ɓarawon, ni na yi, ni aka ɗaure, shi ko kwabo bai ci ba. Suka dube ni. Mai shayi ya girgiza kai ya ce, "Allah sarki, yaronsa ne. Yana kare ubangidansa."

Na tuba ga Allah, kuma ina fatan ya karɓa. Har yau wayarin nake yi a gindin wata bishiya, ba na taɓa ƙwaƙwalwar mota sai mai ita yana tsaye yana gani da idonsa, abin da na cire kuma sai ya tafi da shi ko yana so ko ba ya so. Ku samari, ku ji daga wanda ya taka ya ƙone. Canjin aike da kake dannewa, da ɗan fetur ɗin da kake zuƙa, su ne makarantar, kuma ba wanda yake tsayawa a aji ɗaya. Ku guji abokin da ke nuna muku inda mai gida ba ya gani. In wani ya ba ku amanar rauninsa, ku riƙe ta fiye da yadda za ku riƙe kuɗinsa, domin kuɗi ana biya. Kada kuma ku ruɗi kanku da cewa in an kama ku ku kaɗai za ku ɗanɗana. Ni na yi satar, na yi zaman gidan yari na fito, ga ni ina yawo ana gaishe ni. Shi da ya ɗauke ni maraya, da sunan ɓarawo aka kai shi kabari, kuma duk wanda na tsayar don in gyara maganar, sai ya yaba mini biyayya.